Ranar da Inabin Normat Ya Yi Kuka

A ƙauyen su Ergash, can gefen Kokand, kowa ya san ba a yi wa inabi aski in bazara ta kawo kai. Da kaka ake datse shi, bayan ganye ya zube, ruwan jikinsa ya kwanta. In ka yi sake har ƙanƙara ta narke, ruwan ya taso, kana sa almakashi zai fara ɗiga. Shi ne mutanen garin ke cewa inabi yana kuka, kuma abin kunya ne ga mai gida. Ergash ya san haka sarai, don ubansa Normat ne ya dasa inabin da ya lulluɓe rumfar tsakar gidansu.

Tsohon ya rasu da kaka. Bayan an share makoki, mahaifiyar Ergash, Tursunoy, wadda idonta ya yi rauni har sai da murya take gane mutum, ta tambaye shi ko ya datse inabin.

Ya ce, "Na datse, Inna."

Ina fa ya datse. Ya dai sauko da almakashin, ya ga tsumman da tsohon ya naɗe mariƙin da shi, ya yi baƙi da gumin hannunsa, sai ya ji ba zai iya ba. Ya mayar ya rataye, ya ce gobe. Gobe ta zama jibi, sai ga hunturu.

Da sanyi ya fara sauƙi ya yi duk aikin da ake yi. Ya yashe magudanar ruwa, ya shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, ya kafta fegin albasa. Rumfar ce kawai ba ya ɗaga kai ya kalla, rassa sun cukurkuɗe kamar kan da bai ga mataji ba. Ana haka Inna ta ce bana a gidanta matan unguwa za su dama sumalak, kunun tsiron alkama da ake yi don Nauruz, bikin shigowar bazara. Su kuwa matan nan idonsu ras yake.

Ana gobe taron ya jingina tsani. Matarsa Muhabbat ta fito da sauri ta ce, "Baban yara, yanzu? Wallahi kuka zai yi."

"Ke da kika tashi a gidan bene cikin birni, me kika sani game da inabi?"

Ta koma ciki, shi kuma ya hau ya shiga datsa. Kafin azahar kowane reshe da ya yanka ya fara tsiyaya. Ya ɗiga kyandir a bakin yankan, ruwan ya ture shi. Ya shafa taɓo, ya zame. Ya ɗaure da tsummoki, suka jiƙe sharkaf. Maƙwabcinsa Shavkat ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Ergash, mura inabin naka yake yi ne? In kawo masa shayi da zuma?" Ergash ya yi dariyar yaƙe, kunnuwansa suna zafi.

Da safe rana ta fito tas. Inna ta ce a shimfiɗa mata a gadon katakon da ke ƙarƙashin rumfa, inda suka saba shan shayi da mijinta. Ergash ya ce bakin ƙofa ya fi ɗumi. Ta ce ita ba baƙuwa ba ce a gidan nan da za a zaɓa mata wurin zama. Dole ya riƙe hannunta ya kai ta.

Ba ta kai ga kurɓar shayin ba ɗigo ya sauka a bayan hannunta. Ta ce, "Ruwa ake yi?"

"Ɗan yayyafi ne, Inna."

Rana kuwa tana dukan fuskarta. Ta ɗaga hannun ta ɗanɗana da harshe. Ergash ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Sai ga mata sun yi sallama da tukunya da itace. Babbarsu, Zulfiya, ba ta ko ajiye kayanta ba ta ɗaga kai. "Subhanallahi, wa ya sa inabin Normat kuka? Mutumin da bai taɓa barin ɗigo ɗaya ya zuba ba." Duk suka juyo suna kallon Ergash da tsummokinsa.

Inna ta ce, "Ni ce. Ni na hana shi da kaka. Na ce kada wanda ya taɓa almakashin maigidana. Rikicin tsufa ne, ku zauna daga can."

Nan take Zulfiya ta shiga ba ta haƙuri. Tsohuwar nan kuwa duk unguwar an san ko a wasa ba ta faɗin abin da ba haka ba, shi ya sa ba wadda ta yi shakka.

Da suka koma wajen murhu, Inna ta lalubo hannun rigarsa ta jawo shi kusa. Ta ce, "Kwance tsummokin nan. In ganye ya fito zai daina da kansa, ba zai mutu ba."

"Inna..."

"Ƙaryarka biyu, tawa ɗaya, ɗana. Taka tsakaninmu ce. Tawa a gaban mutane na yi ta, da furfurata."

Ta sake shi, ta ɗauki shayinta. Ergash ya hau tsanin yana kwance tsummokin ɗaya bayan ɗaya, ruwan yana gangara masa cikin hannun riga.