Kuratan Maccido

Shekarar da aka raba wa ma'aikatan gwamnati kuɗin ƙarin albashi na Udoji, sababbin motoci suka cika Sakkwato, aiki ya yi wa Maccido yawa. Shi ne mai zanen jikin manyan motoci a Sabon Gari: zaki, ɗawisu, jirgin sama, duk abin da direba ya nema. Amma hankalinsa ya fi karkata ga wani ɗan littafin hotuna da yake zanawa, wani mai injin ɗab'i yana buga masa, ana sayarwa a tasha. Labarin wasu kurata uku ne da ake horarwa a bayan duwatsu. Arzika na tashi sama, Tambari na ɗaga mota da hannu ɗaya, Gambo kuwa harsashi ba ya huda shi. Mai horar da su, Saje Dodo, mugu ne na ƙarshe, kuma ba fitowar da kuratan ba su kunyata shi.

Kowa ya san Maccido ya taɓa shiga soja, wata biyu aka sallamo shi. Dalilin ne bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata Talata da hantsi yana kan tsani yana fenti, sai ya ji an ce, "Sauko."

Muryar ya fara ganewa. Saje Bawa ne, wanda ya horar da shi, yanzu ya yi ritaya yana zaune a unguwar Mabera. Hancinsa da tabon goshinsa Maccido ya ɗauka ya sa wa Dodo.

"Nan ba bariki ba ne," in ji Maccido, bai ko juyo ba. "Odarka ta ƙare."

Bawa ya zaro littafin daga aljihu, duk ya cukuikuye. "Ɗiyata tak kawo min wagga takarda tana dariya, wai ga baba. Huskata ba ta dame ni ba, an kira ni abin da ya hi Dodo. Ƙarya ce tad dame ni. Hitowa huɗu na karanta. Kuratanka yadda sunka zo, haka suke har yau. Ba su kuskure, ba su koyon komi, kullum su na da gaskiya. Wanga ba horo ba ne, haushinka ne kaka zanawa."

Maccido ya sauko. "Kai kak kore ni! Ka zage ni gaban mutum ɗari, ka sa aka watso min kaya waje."

"To hwaɗa musu dalili."

Direbobi da masu faci sun riga sun kewaye su. Sai Bawa ya juya gare su ya faɗa da kansa. Gudun mil goma ne aka sa kurata cikin zafin bazara, biyu-biyu, kowa da abokinsa. Abokin Maccido, wani Lawali, ya yanke jiki ya faɗi. Maccido ya tsallake shi ya wuce, don ya zo na ɗaya.

"Kuma ya zo na ɗayan," in ji Bawa. "Lawali kwana tara shina asibiti."

Maccido bai san sanda ya wurga gwangwanin fenti ba. Jan fenti ya wanke gaban rigar Bawa. Mutane suka riƙe Maccido. Bawa bai goge ba, ya dube shi sama da ƙasa, ya tofar da yawu, ya hau kekensa ya tafi.

Mako guda Maccido yana zana Dodo cikin wuta, cikin rijiya, a bakin kada, yana yagawa. Ko da ya koma kan Arzika, sai ya ga shi ma ya fita masa a rai.

A fitowa ta biyar, kuratan suka zo tsallake gulbi. Gambo bai iya ruwa ba, ya fara nutsewa yana kiran Arzika, shi kuwa ya tashi sama don ya riga kowa isa. Tambari ne ya tsamo shi. Dodo ya hana Arzika tashi kwana arba'in, ya sa shi goya Gambo a ƙasa duk inda za a je, Gambo kuma bai ce masa uffan ba har shafin ƙarshe. Masu saye suka yi ta ƙorafi, wai an ɓata musu jarumi. Maccido bai kula su ba. Bai kuma sassauta wa Dodo ba, har haƙora ya ƙara masa.

Bayan wata biyu suka yi kiciɓis da Bawa a kasuwa, layin masu hatsi. Ba wanda ya yi wa wani sallama. Har sun gifta juna, Bawa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Har yau ba ka iya zana takalmin soja ba."

Maccido ya buɗe baki zai rama, amma tsohon ya riga ya shige cikin mutane.