Ƙwayoyin da Suka Ɓuya a Gishirin Erwan

"Da me ka wanke su?" Nolwenn ta tambaya, tana ɗaga kwalbar ƙwayoyin halittar da take bincike a kansu.

"Da tataccen ruwa mana," in ji Tanguy, sabon abokin aikinta a ɗakin bincike. "Haka muke yi a inda na baro."

"Inda ka baro ba 'yan gishiri kuke kiwo ba, malam!"

Ƙwayoyin halittar nan sai a ruwan gishiri mai kauri suke rayuwa. A fatarsu akwai wani furotin mai aikin famfo, shi ke zuƙo musu sinadarin potasiyam don kada gishirin waje ya tsotse su. Ruwan daɗi kuwa ajalinsu ne, kumbura su yake su fashe. Kwalbar da ta kwana jawur saboda launin ƙwayoyin ta koma kamar ruwan wanki. Ita ce ta ƙarshe, kuma a kan famfon wannan ƙwaya digirin Nolwenn ya rataya.

Ta fizgi makullin mota, sai garin Guérande, fadamar gishirin kawunta Erwan, inda ta fara ɗebo su.

Ta makara. Kaka ta yi, Erwan ya riga ya sako wa kududdufan ruwan teku don kada sanyi ya tsattsaga yumɓun ƙasansu. Ga ruwan sama ya ƙara tsinka shi.

"Sai baɗi, 'yar nan," ya ce. "Shigo rumbu, kada ki jiƙe a banza."

A rumbun ta ga tulin gishirin bana, toka-toka, da ɗan ja-ja a jikinsa. Ta tsaya cak.

"Kawu, wannan na wane kududdufi ne?"

"Na ƙarshen can, wanda kike tsoma cokulanki a ciki."

"An wanke shi?"

"Wanke gishiri? Kin ga na yi kama da masana'anta?"

Ta rungume shi har hularsa ta faɗi. Gishiri in yana daskarewa yakan kulle ɗigon ruwa a cikinsa, da duk abin da ke iyo a ciki. Ta cika takalmin robarsa taf da gishirin, ta yi mota da gudu.

Da ta koma ɗakin bincike ta narka shi a ruwan gishiri mai kauri, ta zuba abincinsu, ta hana Tanguy ko kallon kwalbar. Aka yi ta jira. Ran nan da safe ruwan ya fara ja. Ta tsame su, ta gwada: su ne, famfon na zuƙar potasiyam kamar ba gobe.

Ta buga waya tana ihu. "Kawu, sun tashi!"

"To madalla," in ji Erwan. "Ki shaida wa malamanku, rabin digirin nan nawa ne."