Jinkirin Dogo

Lambobin suna jere a gefen hagu na allon kwamfutar, tsirara, babu awon da aka rubuta a gabansu. Haka manhajar bin sawu take aikinta: duk motsin da kanel ya yi, wato zuciyar tsarin da ke juya na'ura, sai ta buga masa lokaci ta wuce abinta. Ko wane irin lokaci ne, wannan kuma ruwan mai karatu.

Yaya ce mai karatun. Kowa a ofishin haka yake kiranta, don ta riga su zuwa, kuma in ta yi magana ba a sake dubawa. Makon jiya ta ɗebe wannan lamba daga waccan, ta shiga taro ta ce sashen da abokin aikinsu Dogo ya rubuta shi ke riƙe wa na'urar ƙafa. Manaja bai ja zance ba, ya ce a jingine sabunta kwantiragin Dogo.

Yau da yamma, tana neman wani abu dabam a cikin saiti, idonta ya faɗa kan layi guda. Tsohuwar manhajar da hannunta ya saba da ita mikrosakan take ƙirgawa, sakan guda a raba shi miliyan. Wannan sabuwar kuwa nanosakan ce, a raba shi biliyan. Ashe ita ta kumbura jinkirin sau dubu. Aikin bawan Allah lafiyarsa ƙalau.

Kunya ta rufe ta. Ta daɗe tana juya kofin shayin da ya huce, har zuciya ta fara raya mata cewa ai babu mai ganowa. Ta yi tsaki, ta miƙe.

Ta sami Dogo a teburinsa na bakin taga, ya duƙufa, idanu sun yi ja. Ta ja kujera, ta zayyana masa komai, ta ce gobe da safe za ta faɗa a gaban Manaja. Sai Dogo ya juyo mata da allonsa: ya riga ya goge sashen, wanda ya fi alfahari da shi, yana sake gini daga tushe.

"Kai ba ka duba awon ba?" ta tambaya a hankali.

"Na duba, Yaya. Nano na gani." Ya sosa ƙeya. "To, amma ke kika faɗa. Sai na ɗauka ni ne ban iya karatu ba."