Jan Bakin Dikon Barnabas

A garin Sogeri, Barnabas Vaiva dikon ne na coci, mutumin da ko shayi ba ya sha saboda tsoron Allah. A kan hanyar Kokoda kuwa, inda ya shekara ashirin yana jagorar 'yan Ostireliya su hau dutse su sauka suna haki, wani mutum ne daban. Da an kwana biyu a daji sai ya zaro buai, wani ɗan itace mai kama da goro mai bugarwa, daga ƙasan jaka, ya dangwala farar hoda, ya tauna har bakinsa ya yi jawur. Cocinsu na masu kiyaye Asabar ya haramta buai ƙarara. Amma a fahimtar Barnabas, dokar coci tana tsayawa ne daidai inda sabis ɗin waya ya tsaya.

To bana sai mai masaukin ƙauyen Efogi da ke kan hanyar ya kafa wani farantin kama sabis a kan rufinsa, intanet ya hau dutse ba tare da ya yi gumi ba. Turawan da a da sukan zauna su yi shiru suna tuna kakanninsu da suka yi yaƙi a nan, yanzu kowa ya duƙufa yana nuna wa duniya bororon ƙafarsa. Barnabas ya tsani farantin. Sai dai a ranar ne kwamitin coci zai zaɓi sabon dattijon coci, kujerar da ya shekara goma sha ɗaya yana yi wa addu'a, don haka da la'asar ya kunna waya ya ga ko an turo labari.

"Dikon, wannan kwaɗayin zai kai ka ya baro," in ji Lovai, mai dakon kaya, abokin taunarsa. "Ko dai baki ko waya, zaɓi ɗaya."

"Kai dai tauna naka."

Kumatunsa cike suke fal lokacin da kiran bidiyo ya shigo. Hannu ya riga hankali, ya amsa. Ga fuskar matarsa Geua, bayanta bencinan coci, ga Fasto Kila da mutanen kwamiti shida sun miƙo wuya.

"Baban Heni, albishirinka! Saura ƙuri'a kawai. Fasto ya ce tunda Allah ya kai sabis har can, kai za ka buɗe mana da addu'a."

Tofarwa ba dama, haɗiyewa kuma sai ta sa shi amai. Dabara ɗaya ta zo masa: ya ƙame ƙam, ido a buɗe, leɓe a rufe, yadda ya ga hoto yana yi in sabis ya ɗauke.

"Ya tsaya," in ji wani tsoho.

Sai ga kazar mai masauki ta ratso ta bayansa, tana tafe tana tsince-tsince a natse.

"Ikon Allah," in ji Fasto Kila a hankali. "Dikon ya tsaya, kaza tana tafiya."

Lovai ya kife a ciyawa yana dariya ba sauti. Barnabas ya ji ɗumin miyau ya sami hanya ta gefen bakinsa, yana gangarowa haɓa. Fasto ya fara laluben tabarau a aljihu.

Geua ce ta fi kowa kusa da wayar. Ta dubi mijinta sau ɗaya, ta kife wayar a ƙirjinta. Barnabas bai ƙara ganin komai ba, amma ya ji muryarta, muryar da ba ta taɓa yi wa ko mai sayar da dankali ƙarya ba.

"Ya yanke gaba ɗaya, Fasto. Kun san duwatsun nan."

Bayan awa ɗaya saƙon Geua ya shigo. Barnabas ya miƙa wa Lovai wayar ya karanta masa.

"An zaɓe ka, barka. Kada ka zaci yau na sani, ni nake wanke jan tabon wuyan rigunanka tun kafin a haifi Heni. Na yi shiru don zunubin naka ne, tsakaninka da Allah. Yau ka sa na yi nawa, a cikin coci, gaban bagade. Ranar Asabar za ka zauna a kujerar gaba. Ni ban san inda zan zauna ba."