Gardamar Wake a Cikin Jirgi

Shekara goma sha tara Injiniya Zdravko Kehayov yana hawa jirgin sama, kuma har yau tsoronsa yake ji kamar ranar farko. Ba wanda ya gaya wa. Matarsa Velichka ma ba ta sani ba, balle mutanen kamfani. Ƙaton mutum ne, ɗan wani ƙauye a kan duwatsun Rodopi, wanda zai cusa hannu cikin inji yana huci bai ko ƙifta ido ba. To ta ina zai fara buɗe baki ya ce shi da zarar jirgi ya ɗauki gudu tsoro ne ke kama shi?

Kamfaninsu a nan Plovdiv yake, suna ƙera injinan da ke zuba kindirmo a robobi su liƙe baki. Duk inda aka sayi inji, ko Porto ko Bari ko Atina, mutum biyu ake turawa. Zdravko ya kafa inji ya gyara, Lyuben Radulov kuma ya yi surutu. Aikinsa ke nan fa, surutu. Harshe huɗu yake ji, kuma ba wanda ba zai cika maka kunne da shi ba. Siriri ne mai sanƙo, mai son turare, ba ya fita sai da hankici a aljihun gaba.

Kai, a da tafiya tafiya ce. Sakatariya Stoyanka za ta miƙo musu tikiti a cikin ambulan, ta rako su bakin ƙofa da moɗar ruwa, ta sheƙa a gabansu tana cewa, "Allah ya sa tafiya ta gudana kamar ruwan nan." Lyuben ya yi tsalle gefe yana mitar za ta lalata masa takalmi, ita kuwa ta ce dama takalmin ya fi mai shi daraja. Motar kamfani ta kai su filin jirgin Sofiya. A cikin jirgi a kawo abinci da zafinsa, da cokalin ƙarfe na gaske, da ɗan man shanu a takarda, gahawa kuwa har sau biyu in ka yi wa ma'aikaciyar fara'a. In sun sauka su kwana biyu a otal, ranar ƙarshe su zaga gari su saya wa matansu tsaraba. Kujerunsu kullum a jere suke, Lyuben a taga, Zdravko a bakin hanya inda ba zai ga ƙasa tana nisa ba.

Sai dai Lyuben yana da wani mugun hali. Daidai lokacin da jirgi ya juya ya fuskanci titinsa, injina suka fara ruri, Zdravko ya damƙe hannun kujera, a nan ne mutumin zai gyara zama ya ce, "Af, ɗan kan dutse, jiya na ci waken garinku. Wallahi ko doki sai ya yi shawara kafin ya sa baki."

Duk wanda ya san mutanen Rodopi ya san ba a taɓa musu wake. Ka zagi motarsu, ka zagi hancinsu, su yi dariya, amma ban da wake. Nan take Zdravko zai juyo, wuya ya kumbura.

"A ina ka saya?"

"A kasuwa mana."

"Wace kasuwa? Wa ya ce maka namu ne? Kai da ko jiƙa wake ba ka iya ba, ka zuba na'ana'a tun ruwa bai tafasa ba, sannan ka zo kana ɗora wa mutane laifi?"

"Ni dai abin da harshena ya gaya mini na faɗa."

"Harshen naka da taba ta ƙone?"

Haka za su yi ta yi, wata rana a kan jiƙo, wata rana a kan tukunya, wata rana a kan ko ana sa nama. Kafin Zdravko ya gama wanke waken garinsu daga zargi, sai ya ga mai gahawa tsaye a kansu, gajimare kuma a ƙasa. A ransa yakan gode wa Allah da ya haɗa shi da mutumin da bai san lokacin magana ba. In ya dawo gida ya ce wa Velichka, "Mutumin nan ba abin da ya sani a duniya sai bakinsa da cikinsa."

Tsuke bakin aljihun kamfani bai zo rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa shigowa. Da farko aka koma jiragen araha, waɗanda ko ruwan sha sai ka saya. Daga nan kwana na biyu a otal ya tafi. Stoyanka ta yi ritaya, aka maye gurbinta da wani shafi a kwamfuta wanda ba ya gaisuwa, balle ya zuba wa mutum ruwa. Motar kamfani ta zama bas. Aka hana babban akwati, aka ce kayan aiki a riƙa aika su tun da mako guda, har akwai lokacin da Zdravko ya sauka a Bari, sifanunsa kuma suka sauka a wani gari daban. Sannan aka ce kamfani ya daina biyan zaɓen kujera, inda kwamfuta ta jefa ka nan za ka zauna.

Wannan ta girgiza Zdravko, amma Lyuben bai bari ta yi aiki ba. Da sun shiga jirgi zai nufi duk wanda aka ajiye kusa da abokinsa, ya dafa ƙirji, ya marairaice. "Baiwar Allah, ki taimaka mu yi musanya. Surukina ne, kurma ne, ga mantuwa, in ban zauna kusa da shi ba sai ya sha maganinsa sau biyu." Zdravko ya yi ta harararsa, ba halin ya musa, tunda an ce kurma ne. In sun zauna ya ce, "Wata rana sai na shaƙe ka." Lyuben ya ce to, amma a bari a tashi tukuna.

Wata ranar Laraba sabuwar shugabar sashensu, Denitsa, ta kira su ofis. Yarinya ce mai ladabi, sa'ar 'yar Zdravko, kuma da ganin yadda take juya biro ka san maganar ba ta yi mata daɗi ba.

"Injiniya, Malam Radulov, ba ni na rubuta ba, daga sama ta zo. Daga watan nan mutum ɗaya ne zai riƙa tafiya. Inji dai sai da hannu, saboda haka Injiniya ne zai je. Kai kuma za ka riƙa yi musu bayani ta kwamfuta daga nan."

"Madalla," in ji Lyuben. "Na huta da minsharin mutumin nan."

Ya yi dariya, amma Zdravko ya ga yadda ya yi ta ninke takardar har ta koma kamar kan ɗan yatsa. Da ƙyar Zdravko ya ce, "Ina ne na gaba?"

"Porto, ranar Talata."

"Ba a zuwa da mota?"

Denitsa ta yi dariya har da riƙe baki, ta ɗauka wasa yake yi. Shi ma sai ya taya ta.

Kwana shida ya yi yana juya abin. Ya ce zai ce kunnensa ke ciwo, to na wata nawa? Ya faɗi gaskiya? Ina! Gobe duk masana'anta ta ji, yaran da ya koya wa riƙe sifana su riƙa yi masa kukan jirgi in ya wuce. Kuma injiniyan da ba ya tafiya ba shi da gurbi a kamfanin, ga shi saura shekara uku ya yi ritaya. Ranar Litinin ya zauna ya rubuta takardar barin aiki, layi huɗu, ya ce dalilin iyali ne. Ya sa ta a aljihun kwat. Ya yanke cewa zai je filin jirgi. In ƙafa ta ɗauke shi, to, in ta ƙi, ya juyo ya ajiye wa Denitsa takardar a kan tebur.

Da safiyar Talata ya fito da 'yar jakarsa zai nufi tashar bas, sai ya tarar da tsohuwar motar Lyuben a ƙofar gida.

"Shigo, ɗan kan dutse. Ina da wani uzuri a Sofiya."

"Wane uzuri?"

"Ina ruwanka? Kai ɗan sanda ne?"

Tafiyar awa biyu, mutumin da ba ya rufe baki bai yi maganar kirki ba. Ya ce an gyara hanya. Ya ce bana inabi zai yi kyau. Can ya ce, "Ka tuna otal ɗin nan na Porto, mai tsohuwar da ke ba mu kifi da safe?" Zdravko ya ce ya tuna.

A bakin filin jirgi Lyuben ya fito, ya zagayo da gorar ruwa a hannu. Kafin Zdravko ya ankara ya kwance murfi ya tuttular da ita a gabansa, rabi a ƙasa rabi a kan takalmi. Wani mai gadi ya juyo yana kallonsu.

"Ban iya kamar Stoyanka ba," in ji Lyuben. "Allah ya sa ta gudana." Sai ya zaro ambulan biyu ya cusa masa a aljihu. "Na ɗaya na tafiya, na biyu na dawowa. Kada ka buɗe sai jirgi ya juya kan titi. In ka buɗe kafin nan zan sani."

Zdravko ya ɗauka kalmomin gaisuwa ne na mutanen Porto, shi ya sa bai tambaya ba. Ya gyaɗa kai kawai ya shige.

Da aka kira jirginsu ya shiga layi, ya fita, ya sake shiga. Ya bar mai goyo ta wuce, ya bar wasu 'yan makaranta suka wuce, har ya rage daga shi sai ma'aikaciyar da ke duba tikiti. Hannunsa na kan takardar barin aiki. Ƙofar fita tana bayansa, taku ashirin. Sai ya sunkuya ya ga takalminsa, har yanzu da danshi, safa ma ta jiƙe. A ƙauyensu in an zuba wa mutum ruwa ya juyo gida, har jikokinsa sai an yi wa gori. Ya yi tsaki, ya zagi Lyuben a ransa, ya miƙa tikiti.

Kujerar tsakiya aka ba shi, can baya. A taga wata budurwa ce ta toshe kunnuwa da waya, a bakin hanya wani mai ƙiba har ya fara barci. Jirgi ya ja da baya, ya yi ta rarrafe, sannan ya juya ya tsaya. Injina suka ɗauki ruri. Zdravko ya damƙe hannun kujera, ya tabbata yau sai ya yi abin kunya a gaban mutane. Sai ya zaro ambulan na ɗaya ya yage.

"Ɗan kan dutse," in ji takardar, "akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka. Waken da mahaifiyarka ta dafa ranar bikin 'yarka, wanda ka yi ta yawo tebur tebur kana cewa daga gonarku ne, na gwangwani ne. Da idona na ga gwangwanayen a bayan kicin. Shi ya sa ya yi daɗi."

Tirƙashi. Zdravko ya karanta, ya sake karantawa. Waken da shi da kansa ya ɗauko a buhu daga ƙauye? Wanda tsohuwarsa ta kwana biyu tana tsincewa? Ya laluba aljihu ya zaro biro, ya jawo takardar da ta fara zuwa hannunsa, ya kifa ta a gwiwa ya hau rubutu. Gwangwanayen na tumatir ne, jahili. Kuma wa ya aike ka bayan kicin a bikin mutane? Kuma kai da ka ci kwano uku har ka nemi a ƙulla maka na gida? Ya cika shafi, ya bi gefe-gefe, biro har yana huda takarda.

Da ya ɗago don ya nemo wata kalmar da ta fi jahili zafi, sai ya ga haske ya cika jirgin. Ta kan kafaɗar budurwar ya hango gajimare shimfiɗe a ƙasa. Ya duba abin da ya yi rubutu a kai, ashe bayan takardar barin aikinsa ce, ta lalace ba ta kaiwa ko'ina. A ƙasan wasiƙar Lyuben kuma akwai wata 'yar kibiya. Ya juya wasiƙar.

"In ka iso nan kun riga kun tashi. Minti huɗu ne kullum, na sha dubawa a agogo tun tafiyarmu ta farko, ranar da ka kusa karya hannun kujera. Maganar waken tsohuwa ƙarya na yi, Allah ya ji ƙanta, ban taɓa cin irinsa ba. Amma abin da ke cikin ambulan na biyu gaskiya ne, ka shirya."

Zdravko ya daɗe yana kallon rubutun. Kunya ta fara kama shi, shekara goma sha tara yana kiran mutum marar lissafi. Sannan kewa ta zo ta danne kunyar, irin wadda bai ji ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Ya juya wajen taga da bakinsa a buɗe, maganar tana kan harshensa. Budurwar tana gyaɗa kai ga waƙar da ita kaɗai take ji.

Mai tura keken sayar da abin sha ta iso layinsu, ta tambaye shi ko yana son wani abu.

"Gahawa," ya ce. "Biyu. Ɗaya ba sukari."

Sai da ta miƙo masa, ya karɓa ɗaya a kowane hannu, sannan ya tuna Lyuben ba ya cikin jirgin.