Wata Martina a Sabon Gari

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun kowa a Samaru, duk wanda ya gama makaranta bai samu aiki ba yana da ambulan mai ruwan ƙasa. A ciki akwai kofin takardar shaidar karatu, da ta haihuwa, da ta ƙaramar hukuma, da hotunan fasfo. Ranar Lahadi in an tashi sujada sai ka tsaya a bakin coci, ka jira wanda aka ce yana da hanya, ka rusuna ka miƙa masa. Haka kowa ke yi. Ni Martina Shekari, tun da na gama kwalejin horar da malamai nake rabon ambulan, har mai fotokofi ya daina tambayata kofi nawa zai yi.

Wanda ya fi kowa karɓa shi ne Baba Nelson, wani tsohon ma'aikaci mai zama a layin gaba da jaka a hammata. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Kawo, 'yata, ina shiga Kaduna cikin makon nan." Kaduna dai ta sha ziyara. Ni kuwa ina bakin titi ina soya wa ɗalibai doya da ƙwai, shekara na bin shekara, hayaƙi ya gama cinye min ido.

Da aka buɗe ɗaukar malaman firamare sai na bi layi da ƙafata, ban bi ta hannun kowa ba, aka kuma kira ni tantancewa. Jami'in ya duba takarduna na asali, ya jawo wani fayil ya duba, sannan ya cire tabarau.

"Malama, ai ke kina aiki."

"Doya nake soyawa, yallaɓai."

"Ga Martina Shekari nan, lambar takarda ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Tana koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, ta ma daɗe. Ko ke ce ta bogi, ko ita. Je ki gano ki dawo."

Raina ya ɓaci har ban san lokacin da bas ɗin Sabon Gari ta wuce Kwangila ba. A ƙofar makarantar na tare wasu yara na ce ina Malama Martina, suka nuna min wani aji da babu ƙyaure. Wata siririyar mata ce a ciki, alli duk ya ɓata mata zane, muryarta ta dushe saboda tsawa. Na zo da niyyar cin kwalarta, amma da na gan ta sai gajiya ta kama ni.

"Ke ce Martina Shekari?"

"Ni ce, Anti. Lafiya?"

"To, ni ma ita ce."

Ba ta yi musu ba. Ta jawo ni gindin mangwaro ta durƙusa, yara na leƙe ta taga. Ta ce sunanta Clara, ta yi kwalejin ita ma amma ta faɗi jarrabawar ƙarshe. Ta ce a bayan kasuwa akwai wani mutum mai kwali cike da ambulan. Kina zuwa zai zaɓo miki wadda shekarunku suka zo ɗaya, ya ɓamɓare hotonta ya liƙa naki, ya buga miki takardu masu kama da na asali.

"Wa ke kawo masa ambulan ɗin?"

"Tsofaffi ne masu jaka, daga coci daban-daban. Anti, ki gafarta min. Mai kwalin ce min ya yi kin mutu."

Wannan kalmar ce ta fi ƙona min rai. Ina zaune a gaban kasko ina jiran kira, ashe a Sabon Gari an riga an binne ni.

Ranar Lahadi na tare Baba Nelson. Ko gezau bai yi ba. "Ni na ba wani, shi ma ya ba wani, 'yata. Wa ya san inda takarda ke kwana? Ki bar wa Allah." Matan zumuntar coci suka ce in yafe, Clara tana da yara ƙanana. Na yafe a zuciyata gwargwadon iyawata, amma yafiya ba ta dawo min da sunana ba. Na kai ƙara hukumar ilimi.

Daga nan aka fara wasa da ni. Yau kwamiti bai zauna ba, gobe shugaba ya tafi ta'aziyya, jibi babu wuta. Na rantse a kotu cewa ni ce ni. Na ɗauko mahaifiyata daga ƙauye da ciwon ƙafarta, ta tsaya gaban mutanen da ba ta sani ba ta ce ita ta haife ni. Mai kwalin nan kuwa ya kulle shago ya ɓace. Damina ta wuce, ɗalibai suka koma sayen doya wajen wata.

A ƙarshe aka kori Clara. Ban yi murna ba, amma na wanke fuska na goge atamfata, na koma wajen jami'in da takarduna. Wannan karon bai ko buɗe su ba.

"Malama, akwai matsala. Doka ta ce wanda aka kora saboda takardun bogi ba a sake ɗaukarsa."

"Ai ba ni aka kora ba, yallaɓai. Clara ce."

"Mu ba mu taɓa ɗaukar wata Clara ba. Wadda muka ɗauka ita muka kora." Ya juyo min da takardar korar. Sunana ne, da lambata, da ranar da aka haife ni.

Na zauna a kan bencin ofishin. Clara ta koma Clara, babu inda aka rubuta laifi a kanta. Martina Shekari ce aka kama da takardun bogi, kuma ni ba ni da wani sunan da zan koma.