Rabon Kangaye

"Ba wannan ba, na kusa da taga," in ji tsohon daga kan gado. "Wanda rufinsa ya rufta."

"Baba, ai dukkansu rufin ya rufta," in ji mai ɗinki. Tana tsaye a kan kujera, ƙura ta cika mata hanci.

Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shi tsohon ma'aikacin maɗaba'a ne, unguwa kuma na kiransa Baba Kango saboda abin da ya cika bangonsa da shi: tsofaffin zane-zane na fadoji da hasumiyoyin da suka zube, irin waɗanda ake sassaƙawa a farantin tagulla sannan a buga a takarda. Tun da likita ya ce zuciyar ta gaji, ya fara rabon su da kansa.

"Idan na bar wa 'yata, naɗe kaya za ta yi da su," ya ce.

Mai aski ya samu hasumiya marar kai.

"Ga ɗan'uwanka, shi ma sama fayau," in ji tsohon, yana nuna sanƙonsa.

Direban tasi ya samu gada da ta karye a tsakiya, wai ko ya rage gudu. Kowa ya shigo da fuskar dubiya, ya fita yana dariya da firam a hammata.

Mai ɗinki ce ke saukowa da su, ta goge, ta miƙa. Ita ke kawo masa abinci, ita ke ƙirga masa ƙwayoyin magani. Amma har bango ya kusa zama wayam bai ce mata ga naki ba. Sai dai a kwanakin nan keken ɗinkinta ya sha taku.

Ranar Laraba da hantsi ya zaro wani ƙaramin zane daga ƙarƙashin matashi, ya miƙa mata tare da gilashinsa na ƙara girman abu.

"Kin yi fushi, ko?"

"Ni? Me zan yi da kango?"

"To duba. Ba sama ba, can ƙasa."

Wata katafariyar ƙofa ce da ciyawa ta tsiro a kanta. A gindinta ga wata mace, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ta miƙa kwano ga wani da ke zaune a inuwa.

"Shekara talatin ina kallon ginin," ya ce. "Sai bana na lura da ita."

Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ta fi ni siranta," ta ce.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Washegari 'yar ta iso da safe. Tsohon ya sha shayi, ya yi mata tsiyar takalminta, ya ce a buɗe taga. Kafin rana ta take ya cika, hannunsa a cikin na 'yarsa.

Bayan mako guda 'yar da mai ɗinki suka shiga share ɗakin. Ko'ina a bangon farare-fararen gurabe ne inda firam ya tare rana, kowanne da ƙusarsa. 'Yar ta ɗauko guduma za ta cire.

"Bar su tukuna, ƙanwata," in ji mai ɗinki.

Suka zauna a bakin gadon. Hasken taga ya hau bangon, kowace ƙusa ta yi 'yar inuwarta.